Tambaya da Amsa: In mayar da na'urar karatun nan ko in haƙura da ita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema kuma da ɗan gaggawa. Na daɗe ina sha'awar irin na'urar nan ta karanta littattafai mai allo fari da baƙi, saboda waya tana gajiyar min da ido kuma da na buɗe littafi sai saƙo ya shigo shikenan na tafi kallon wani abu daban. To na tara kuɗi na siya ta intanet, ƙaramar mai inci 6, ta iso kuma gaskiya raina bai kwanta da ita ba. In ina juya shafi sai allon yayi baƙi ƙirin sannan ya dawo fari, wani lokacin kuma inuwar rubutun shafin baya tana nan bata goge ba. Ga nawa, in na taɓa sai tayi jim kafin ta amsa. Da daddare in na kunna hasken ta ƙasan allon akwai wani duhu duhu. Batirin da akace yana sati da sati ni dai ban gani ba. Babban abinda yafi damuna shine littattafan makaranta, karatun aikin jinya nake kuma kusan duk PDF ne masu jadawali da zanen sassan jiki masu kala, in na buɗe rubutun ƙanana ne sai na matse ido, kalar kuma duk ta koma toka toka. Dan su ne ma na siya. Sannan yanzu nake jin wai littafin da ka siya a ciki ba naka bane. Amma fa littafin labari kam ina jin daɗinsa a kai sosai bazan ɓoye ba. Saura kwanaki kaɗan wa'adin mayarwa ya cika, yayana yace in haƙura zan saba. In mayar ko in riƙe?

Daga wata ɗaliba

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bada sa'ar karatu. Ki mayar da ita. Amma ba dan abubuwan da kika fara jerowa ba, yawancinsu yayanki yana da gaskiya zaki saba, akwai dai guda ɗaya da ko shekara goma kika yi da ita bazaki saba ba, kuma shine wanda kika ce dominsa kika siya.

Bari mu fara da baƙin da allon yake yi, dan shine yake fara tsorata kowa. Ba lalacewa bace. Baki faɗi sunan kamfanin na'urar taki ba kuma ba sai kin faɗa ba, domin Kindle ne ko Kobo ko Nook ko PocketBook kusan dukkansu wajen kamfani ɗaya suke sayen allon, wato E Ink, wanda aka kafa a 1997 daga wani bincike da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka, yanzu kuma hedikwatarsa tana Taiwan. Yadda abin yake aiki, a cikin allon akwai wasu 'yan mitsi mitsin ƙwayoyi miliyoyi, kowacce faɗinta kamar na silin gashi, a cikinta akwai ruwa garau da burbushin launi fari da baƙi, farin da irin cajinsa baƙin kuma da kishiyarsa. In aka turo wuta sai ɗaya ya taso sama ɗayan ya nutse, abinda ya taso shi idonki yake gani a matsayin rubutu. Kinga kenan abu ne yake motsi da gaske a cikin ruwa, ba fitila bace take kunnuwa tana mutuwa irin ta waya, shi yasa dole yayi nawa. Kuma ba duk burbushin bane yake komawa mazauninsa tsaf, wasu suna maƙalewa a hanya, su ne inuwar da kike gani. Baƙin nan da yake yi gaba ɗaya shara ce yake yi, ya tura komai gefe ɗaya ya dawo dashi dan allon ya fita fes. A cikin saitin yawancinsu akwai inda zaki zaɓa ko ya riƙa yin sharar a kowane shafi, inuwa ta tafi amma ƙiftawar tayi yawa, ko kuma sai bayan wasu shafuka, ƙiftawa ta ragu inuwa ta ɗan taru. Ɗaya zaki ɗauka, babu na ukun. Tun Sony Librie ta 2004 da Kindle ta farko ta 2007 ake fama da wannan, an rage shi sosai amma ba'a kashe shi ba, dan haka in kika canza da wata irinta shi zaki sake tararwa.

Ni a ganina wannan nawar ma rabin amfanin na'urar kenan. Kince saƙo yana ɗauke miki hankali a waya, to wannan ko kinso kiyi yawon intanet da ita haushi zai sa ki dawo kan littafinki.

Batiri kuma akwai 'yar dabara a yadda ake tallarsa wadda mutane basa karantawa. Amazon misali da suka ce Kindle ɗinsu mai suna Paperwhite ta 2021 tana kai sati 10, a ƙasa da ƙananan haruffa sun rubuta cewa lissafin na mai karatun rabin awa ne a rana, wayfay a kashe, haske kuma a mataki na 13. Ki buga lissafin da kanki, rabin awa sau kwana 70, awa 35 kenan. Ɗalibar da take zama awa huɗu biyar kan littafi zata cinye wannan cikin kusan sati ɗaya kuma babu wanda yayi mata ƙarya. Allon shi kansa baya shan wuta in rubutu yana tsaye, sai lokacin juya shafi, masu shan wutar su ne fitila da wayfay da kuma manyan fayil irin naki da injin yake wahala kafin ya buɗe. Sannan sabuwar na'ura in aka zuba mata littattafai da yawa lokaci ɗaya tana zama a ɓoye tana bin su kalma kalma dan ta haɗa jerin da zaki riƙa bincike dashi, wannan aikin yana zuƙe caji a kwanakin farko, wani lokacin ma fayil ɗaya da ya lalace ne zai maƙale tayi ta juyi a kansa. Dan haka batirin satin farko ba'a yanke hukunci dashi.

Duhun ƙasan allo shine wanda sai kin duba da kyau. Hasken irin wannan na'urar ba daga baya yake fitowa ba, 'yan fitilu ne aka jera a gefen allon suna watsa haske a samansa ta cikin wani siririn faifai, shi yasa daf da inda fitilun suke akan ga ɗan bambanci, musamman a ƙananan da fitilunsu basu da yawa. Paperwhite ta farko a 2012 fitila huɗu gareta kuma an yi ta ƙorafi har kamfanin ya fito ya yarda cewa hasken ƙasan ba daidai yake ba, ta 2021 kuwa 17 aka sa mata. A 2024 ma da suka fitar da mai kala, Colorsoft, wasu sun samu wani layi rawaya a ƙasan allon kuma aka basu zaɓin canji ko a maida musu kuɗi. Yadda zaki gane naki, ki shiga ɗaki mai duhu ki buɗe shafin da babu rubutu sosai ki sa hasken tsaka tsaki. In duhun yana can bakin allo inda babu rubutu kuma sai kin neme shi kike gani, halinta ne. In kuwa ya hau kan layin rubutu, ko gefe ɗaya yafi ɗaya rawaya ƙarara, ko akwai wani ɗigo mai ƙyalli da baya motsi, wannan aibin ita taki ce kuma ko da zaki riƙe irinta sai ki nemi a canza miki. Ki ɗauki hoto da waya ki ajiye.

To yanzu ga inda gizo yake saƙar, PDF. Wannan ba saiti bane kuma ba sabo bane, lissafin awo ne kawai. Littafin labarin da kike jin daɗinsa fayil ne irin EPUB ko makamancinsa, shi rubutunsa bashi da kafaffen shafi, in kika ƙara girman harafi sai layukan su sake jeruwa su cika allon daidai. PDF kuwa tun da Adobe suka ƙirƙiro shi a 1993 manufarsa kenan kada shafi ya canza, yadda aka tsara shi haka zai fito a ko'ina. Takardar A4 faɗinta santimita 21 tsayinta 29.7. Allon inci 6 kuma wajen santimita 9 ne a faɗi, 12 a tsayi. Kinga an matse shafin ya koma ƙasa da rabin girmansa, harafin da aka buga da lamba 12 ya dawo kamar lamba 5, wanda ƙananan bayanan da ake rubutawa jikin kwalin magani ma sun fi shi girma wani lokacin. In kika kwantar da na'urar a gicciye zai ɗan ƙaru amma sai kin juya sau biyu ko uku kafin ki gama shafi ɗaya, in shafin an raba rubutunsa gida biyu ne hagu da dama ki sauka ƙasa ki sake hawowa sama, kowane motsi kuma sai allon yayi jim yayi ƙifta. A waya da yatsa biyu kike buɗawa ki ja ki koma cikin daƙiƙa ɗaya baki ma lura ba, a nan kuwa kowane ja sai kin jira shi. Kiyi tunanin daren jarabawa kina son ki haɗa jadawalin shafi na 40 da zanen shafi na 212, ki koma ki sake dawowa. Wallahi kafin ki gama kin manta abinda kika je nema.

Za'a ce miki ai ana juya PDF ya koma EPUB, kuma gaskiya ne akwai manhajar kwamfuta kyauta mai suna Calibre da take wannan aikin, akwai kuma KOReader da wasu suke sawa a na'urar tana yanke fararen gefen shafi dan rubutu ya ƙara girma. Ga littafin da zallar rubutu ne suna taimakawa. Amma littafi mai jadawali in aka juya shi sai kiga lambobin sun zube a layi ɗaya ba'a san wanne ke ƙarƙashin wanne ba, sunan hoto ya rabu da hoton, lambar shafi ta faɗo tsakiyar jimla. A littafin labari wannan abin dariya ne, a jadawalin awon magani ba abin dariya bane, ni bazan baki shawarar ki haddace adadi daga fayil ɗin da inji ya hargitsa ba. In kuma PDF ɗin hoton shafuka ne aka ɗauka da sikana, kamar yadda yawancin abinda ɗalibai suke turawa juna yake, to babu ma rubutun da za'a juya, hoto ne zalla.

Ga kuma kala. Allon naki mataki 16 na toka kawai yake iya nunawa daga fari zuwa baƙi. Zanen da aka yi jijiyar da take fita da jini daga zuciya da ja, mai dawo dashi da shuɗi, a nan duk biyun toka ne masu kama da juna, alhali kalar itace darasin. Masu kalar da ake yi yanzu ma kada ki ɗauka sun warware matsalar, irin allon Kaleido 3 da Kobo da wasu suke amfani dashi kala 4,096 yake nunawa, kuma kaifinsa a kala rabin na baƙi da fari ne, ɗigo 150 a inci maimakon 300, ga shi allon yafi duhu sai kin ƙara haske. Yayi kyau ga bangon littafi da ja layi da kala, ga zanen sassan jiki kuwa sai a hankali.

In dai sai allon E Ink kike so ga PDF to sai mai inci 10 zuwa sama, irin Kindle Scribe da ta fito a 2022 mai inci 10.2 ko Kobo Elipsa ko Boox na kamfanin Onyx, waɗannan allonsu ya kai kusan rabin A4, akwai ma masu inci 13.3 da suke kusa da cikakken shafi. Sai dai kuɗinsu ya ninka na ƙaramar nesa ba kusa ba kuma nawar tana nan. Ni da ni ce ke tabilet ta yau da kullum mai inci 10 ko 11 zan nema da kuɗin, in cire mata duk manhajojin hira in kashe sanarwa, in bar mata littattafai kawai. Maganar ido kuma ki rage haske ya daidaita da ɗakin da kike, ki riƙa ɗaga kai kina kallon nesa lokaci lokaci, kada ki karanta a duhu da allo a ƙure. Ba zata kai E Ink sauƙi a ido ba, bazan ruɗe ki ba, amma matse ido kan harafi lamba 5 shima ai ba hutu bane.

Batun littafi ba naki bane, eh haka ne, lasisin karantawa kike saya kuma yawanci a kulle yake da asusunki. A 2009 Amazon sun taɓa goge littafin 1984 na George Orwell daga na'urorin mutanen da suka saya saboda wanda ya ɗora shi bashi da haƙƙin sayarwa, sun maida kuɗi kuma shugaban kamfanin Jeff Bezos ya bada haƙuri. Microsoft da suka rufe shagon littattafansu a 2019 littattafan daina buɗewa suka yi, aka biya mutane kuɗinsu. A Fabrairun 2025 kuma Amazon suka cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta dan ka tura ta kebul. Abin damuwa ne amma kada ki sa shi a ma'aunin mayarwa, domin ko a waya ko a tabilet kika sayi littafi daga irin waɗannan shagunan dokar ɗaya ce. Fayil ɗin da kika zuba da kanki naki ne babu mai taɓa shi, ki dai ajiye kwafi a wani waje. Kuma akwai wurare irin Project Gutenberg masu littattafai sama da 70,000 kyauta babu kulle, tsofaffin da haƙƙin mallakarsu ya ƙare.

Nasan abinda zai riƙe ki shine daɗin littafin labarin, kuma da kince min shi kika fi karantawa, PDF ɗin jefi jefi ne, da cewa zanyi ki riƙe ta hannu biyu dan a wannan fagen babu abinda ya kamo ta. In kina da halin mallakar biyu ma ki riƙe. Amma kince tara kuɗin kika yi, kuma dan makaranta. Bayan kin gama karatu suna nan ana yinsu, ƙila ma lokacin sun fi haka kyau.

Abinda nake so kiyi yau ba gobe ba, ki buɗe shafin odarki ki duba takamaiman ranar da wa'adin zai cika da kuma ko daga ranar saye ake ƙirgawa ko daga ranar da kaya ya iso hannunki. Amazon galibi kwana 30 suke bayarwa, a ƙasashen Tarayyar Turai doka ta bada kwana 14 ga abinda aka saya ta intanet, in kuma wani ɗan kasuwa ne daban ya sayar miki ta cikin shafin to nasa sharaɗin zaki karanta, wasu suna cire wani abu in an buɗe kwali wasu kuma ke zaki biya kuɗin aikawa. Ki fara danna neman mayarwar tukunna ko da baki gama shawara ba, yawanci ana iya fasawa daga baya, amma in rana ta wuce ta wuce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Wajen zaɓar dalili ki faɗi gaskiya cewa bata dace da buƙatarki ba, in kika ce ta lalace ne zasu iya aiko miki da wata irinta sak ki koma gidan jiya. Kafin ki rufe kwalin ki kwashe duk layukan da kika ja da bayanan da kika rubuta zuwa kwamfuta, ki cire asusunki, ki maida ita yadda ta fito daga kamfani, ki haɗa da kebul ɗinta, sannan ki ɗauki hotonta a kunne allon lafiya lau. Ki naɗe ta da kyau dan ƙarƙashin allon gilashi ne siriri. Littattafan da kika riga kika saya suna nan a asusunki zaki iya buɗe su a manhajar kamfanin a waya ko tabilet. Ki gaida yayan naki.

TAMBAYA

Salam Anti. Ni tawa na'urar a jaka na sata tare da caja da makullai, da na ciro sai naga rabin allon ya daskare da wasu layuka a tsaye da a kwance, ɗayan rabin yana aiki. Na shafa saman babu tsaga ko ɗaya. Na kashe na kunna yafi a ƙirga. Garanti bai ƙare ba, zasu karɓa?

Daga wani mai bibiyar shafin nan

AMSA

Wa alaikas salam ɗan'uwa, sannu da wannan asara. Abinda ka kwatanta alamar gilashin ciki ne ya tsage, saman da kake shafawa daban yake shi yasa baka ji komai ba. Wani abu mai tauri ne ya danne shi a jakar, kan caja ya isa ya yi wannan aikin. Wajen da ya tsage wuta bata isa gare shi, shi kuma irin wannan allon in babu wuta hoton ƙarshe yake riƙewa, dan haka kashewa da kunnawa bazai canza komai ba. Garanti na shekara ɗaya da yawancinsu suke bayarwa aibin ƙira yake ɗauka banda fashewa, kuma da sun ga hoton layukan zasu gane. Duk da haka ka tuntuɓe su ka faɗi yadda akayi, wani lokacin suna yin rangwame a kan sabuwa, ka kuma duba ko lokacin saye ka haɗa da inshorar haɗari ka manta. Canza allo yana yiwuwa amma a ƙananan kuɗinsa yakan kusa na wata na'urar. Ka jona ta da kwamfuta ka kwashe fayilolinka tun tana amsawa, ta gaba kuma ka saya mata riga mai murfi mai tauri.